Rumfar Zuƙe Hayaƙi: Nazarin Lamarin Wani Kicin a Kaduna

Asalin lamarin

Gidan da wannan nazari ya shafa yana Unguwar Dosa ne a cikin garin Kaduna, kuma mutum tara ne ke cin abinci daga tukunya ɗaya a cikinsa. Kafin su tare a watan Nuwamba na 2023, iyalin suna zaune ne a gidan gado a Tudun Wada, inda madafa take a gefen tsakar gida, rabinta a buɗe, ana hura gawayi ko itace, hayaƙi ya bi iska ya tafi. Saboda haka ba su taɓa ɗaukar hayaƙin girki a matsayin abin da ake yi wa tanadi ba. A sabon gidan kuwa kicin yana cikin gini, ƙofarsa tana buɗewa zuwa falo, an yi masa silin na POP, an manna tayil a bango, tagarsa guda ɗaya ce ta alminiyam mai zamewa, wadda in aka rufe ta ko ƙura ba ta cika samun hanya ba.

Tsawon kicin ɗin mita 3.6 ne, faɗinsa mita 3, daga ƙasa zuwa silin mita 2.9, wato yana ɗauke da iska kimanin kubik mita 31. Murhun na gas ne mai kai biyar, faɗinsa santimita 90, daga gaba zuwa baya santimita 60, an jingine shi da bangon waje tsakanin kabad biyu da suka bar masa fili na santimita 110. Girkin gidan irin wanda aka saba ne: soya miya da manja da attaruhu, suyar ƙosai da kifi da dankali, sai tuwo da ake tuƙawa a babbar tukunya mai tsayin santimita 38.

Disamba 2023 zuwa Fabrairu 2024: bayyanar matsala da fankar bango

Hunturu ne ya fara tona matsalar. Da ƙura ta sauka aka riƙa rufe taga, daga nan duk lokacin da aka ɗora manja a wuta sai tari ya kama mai girki, yajin attaruhu ya isa falo, labule da kujeru su kwana da ƙaurin suya. Cikin makonni shida silin ɗin da ke saman murhu ya koma ruwan ɗorawa, ƙofofin kabad suka fara danƙo, da safe kuma ana iske gilashin taga yana naso. Nason nan ba daga tukunya kaɗai yake fitowa ba, domin kowane kilo ɗaya na gas da aka ƙona yana sakin tururin ruwa kimanin kilo ɗaya da rabi, ban da iskar da ba a gani kamar kabon monokzayid, wadda takan ƙaru idan harshen wuta bai samu isasshiyar iska ba.

A watan Fabrairu maigidan ya sa aka fasa bango a saman taga aka ɗaura fankar zuƙe iska mai inci 10. Fankar tana aiki, amma tana nesa da murhu da fiye da mita biyu, don haka kafin hayaƙi ya kai gare ta sai ya tashi ya bugi silin, ya bazu, ya ratsa ta gaban fuskar mai girki. Idan aka buɗe taga kuma, sai ta riƙa jawo iskar da ta shigo yanzun nan ta ƙarƙashinta tana mayar da ita waje, ta bar hayaƙin yana shawagi a ɗaya ɓangaren. Falo ya ɗan samu sauƙi, silin da kabad kuwa suka ci gaba da ɗaukar maiƙo.

An duba rumfunan zuƙe hayaƙi da ake sayarwa a shaguna, wato waɗanda ake ratayewa a saman murhu su kama hayaƙin girki. Waɗanda kuɗinsu bai fi ƙarfin maigidan ba ƙanana ne da ba sa rufe kawunan murhu na gaba, wasu kuma ba sa fitar da iska waje sam, suna tace ta ne da matatar gawayi su dawo da ita ɗaki, abin da ke rage wari amma ba ya kawar da tururi ko iskar da gas ke fitarwa. A kan haka aka yanke shawarar a ƙera wadda za ta dace da filin da ke tsakanin kabad ɗin.

Maris 2024: rumfa ta farko

An ba wani mai walda na unguwa aikin, mutumin da ya ƙware a ƙofofi da tagogin ƙarfe. An nuna masa hoto a waya, ya auna faɗin murhu, ya gama cikin kwana huɗu. Ya yi amfani da langa-langar ƙarfe mai rufin tutiya, kaurinta rabin milimita, ya haɗa kusurwoyin da waldar sanda. Ƙarfe mai wannan sirantaka ba ya jure zafin irin wannan walda: ya ɓule a wurare da dama, ya kuma karkace, sai aka cike ramukan da fila irin ta masu gyaran jikin mota, aka fesa fenti ruwan azurfa a kai. A ido ta yi kama da ta hoton.

Faɗinta santimita 90 ne, daidai da murhu ba ƙari, ta fito daga bango da santimita 42, cikinta kuma kusan a shafe yake, ba shi da zurfin da hayaƙi zai taru. An rataye ta santimita 98 a saman kawunan murhu, domin uwargidan ta nemi a ɗaga ta kada ta riƙa buge kai ko ta hana ta juya muciya. A cikinta aka sa ƙaramar fankar roba mai inci 4, irin wadda ake sa wa banɗaki, aka haɗa ta da bututu mai lanƙwasa, aka cusa bakinsa cikin silin aka bar shi a can, bisa hujjar cewa sararin ƙarƙashin kwano yana da faɗi, hayaƙin zai sami hanyarsa. Ba a so a sake fasa bango a ɓata sabon tayil.

An ɗaura ta kwanaki kaɗan kafin azumin da aka fara ranar 11 ga Maris, wato lokacin da suya ta fi yawa a gidan. A makon farko aka lura cewa tana kama wani abu daga tukwanen baya, amma hayaƙin kaskon da ke kan murhun gaba yana wuce leɓenta ya hau silin kamar ba ta nan. Kafin sallah wata sabuwar matsala ta ɓullo: ƙaurin ƙosai ya fara sauka a ɗakunan kwana ta ramukan fitilun silin, tabon maiƙo kuma ya fito a jikin POP daga sama.

Afrilu zuwa Agusta 2024: gyare-gyare

Bayan sallah aka kira mai aikin famfo ya ƙara bututun roba mai inci 4, tsawon mita 4.5, da gwiwa uku, ya bi ta cikin silin har ya leƙa ƙarƙashin indararo. Warin ɗakunan kwana ya tsaya, amma zuƙar ta ƙara raguwa, har ya zama in aka kara tafin hannu a bakin bututun daga waje da ƙyar ake jin motsin iska. Ranar layya, 16 ga Yuni, da kwana biyun da suka biyo baya, an soya wani ɓangare na naman a kicin. A rana ta uku fankar ta tsaya cak, da aka kwance ta aka iske maiƙo ya daskare a fukafukanta, injin ya ƙone. An sayi wata irinta aka mayar.

Damina ta kawo sauran. A watan Agusta ruwa ya riƙa ɗiga daga rumfar, wani na feshin ruwan sama ne da iska ke turowa, wani kuma tururi ne da ke hucewa a cikin dogon bututun ya gangaro baya, tun da an shimfiɗa shi ne yana karkata zuwa ciki. Duk inda walda ta ƙone tutiyar tsatsa ta fito, fila ta fara ɓarewa, har wata rana ɓarɓashinta ya faɗa cikin miya. A ranar uwargidan ta ce a cire ta.

Satumba 2024: awo da lissafi

Ƙanin uwargidan, wanda ya yi karatun injiniyan injuna a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna kuma yake aikin haɗa na'urorin sanyaya ɗaki, shi ne ya nemi a dakata da cirewar har ya gwada ta. Kayan gwajinsa turaren tsinke ne da takardar tishu da tef ɗin awo. Ya kunna turare ya riƙe shi a kan kowane kan murhu da tukunyar ruwa tana tafasa, ya ga hayaƙin kawunan gaba biyu bai ko nufi rumfar ba. Ya kara tishu a bakin fanka, ta faɗo.

Bayaninsa ga yayarsa da maigidan ya tsaya a kan yadda hayaƙi yake tafiya. Iska mai zafi da ke tashi daga kasko tana buɗewa ne yayin da take hawa, don haka duk ƙarin nisan da aka ba rumfa daga murhu, sai an ƙara mata faɗi da ƙarfin zuƙa kafin ta kama abin da za ta kama da tana kusa. Masu ƙera irin waɗannan na'urori galibi suna ba da tazarar santimita 65 zuwa 75 a kan murhun gas. Ƙasa da haka zafi yana yi wa rumfar yawa, sama da haka hayaƙi yana kuɓucewa. Ta gidan tana kan 98, kuma ta gaza gaban murhun da santimita 18.

Sannan ya yi lissafin iskar da ake bukata. Ƙa'idar da aka saba bi ga murhun da ke jingine da bango ita ce kubik ƙafa 100 a minti ɗaya ga kowace ƙafa ta faɗin murhu. Murhu mai santimita 90 ƙafa uku ne, wato kubik ƙafa 300 a minti, wanda ya yi daidai da kubik mita 510 a awa, ko a ce a sauya iskar wannan kicin sau 16 a awa ɗaya. Bakin bututu mai inci 4 yana da fili kimanin murabba'in santimita 79, na inci 6 kuwa 177, fiye da ninki biyu. Don a tura wancan adadin iska ta inci 4 sai ta yi gudun mita 18 a daƙiƙa, a inci 6 kuwa mita 8 ta isa, alhali turjiyar bututu tana ƙaruwa ne da gudun iska a ninka shi a kansa, kowace gwiwa kuma tana ƙara nata. Fanka mai fukafukai, irin ta banɗaki ko ta bango, an yi ta ne don tura iska inda babu turjiya. Da zarar an sa mata dogon bututu sai ta yi ta juyi ba ta fitar da abin kirki. Wadda ke jure wannan ita ce wadda masu sana'a ke kira bulowa, mai siffar dodon-koɗi. Ya kuma ja hankalinsu ga abin da ba su lura da shi ba: bututun roba da maiƙo ya lulluɓe cikinsa, yana kwance a tsakanin katakan rufi, makamashi ne idan wuta ta tashi a kasko.

Oktoba 2024: ƙira ta biyu

A wannan karo an fara da zane a takarda, aka yanka samfuri da kwali aka manna shi a bango na kwana biyu, uwargidan ta yi girki a ƙarƙashinsa. Da haka aka daidaita a kan tazarar santimita 72, wadda ta bar santimita 34 a saman babbar tukunya, aka kuma ɗan janye leɓen gaba zuwa sama don kada ya tari goshi. Faɗi ya zama santimita 105, wato ƙarin bakwai da rabi a kowane gefe, fitowa daga bango santimita 60, zurfin ciki santimita 30, domin hayaƙin da ke tashi gaba ɗaya lokacin da aka zuba kifi a mai ya sami wurin tsayawa kafin bulowa ta kwashe shi.

An kai aikin Kasuwar Panteka, wurin wani maƙeri da ke yi wa gidajen abinci tebura da tukwane da ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda yake da injin lanƙwasa ƙarfe da waldar argon. An zaɓi nau'in 304 mai kaurin milimita ɗaya, wanda ke da kromiyam kimanin kashi 18 cikin ɗari da nikel kashi 8. A nan akwai abin lura ga mai saye: mutane suna gwadawa da mayen ƙarfe, amma mayen ƙarfe yana bambance nau'in 430 ne kawai, wanda yake kamawa, nau'in 201 mai rahusa, wanda nikel ɗinsa bai kai ba kuma ya fi saurin tsatsa, shi ma ba ya kamawa, kamar 304. Don haka aka sayi farantin da har yanzu tambarin masana'anta yake jikinsa. Faranti ɗaya mai ƙafa 4 da ƙafa 8 a wannan kauri yana da nauyin kusan kilo 24, kuma ya wadatar.

Maƙerin ya rage walda iya yadda zai yiwu. Ya lanƙwasa gaba da sama da baya daga yanki ɗaya, ya naɗe kowane leɓe zuwa ciki don ya ƙara ƙarfi kuma kada ya yanki hannun mai wanki, ya bar kusurwoyi huɗu kawai ga walda, waɗanda ya fara ɗigawa nan da can yana barin ƙarfen ya huce kafin ya cike su. A kewayen ciki ya yi siririn kwararo mai ɗan gangara zuwa wani ƙaramin kofi da ake zarewa. Matatar maiƙo ba ta raga ba ce. Guda biyu ne na sayarwa, masu jerin kwararon ƙarfe da ke tilasta wa iska ta yi kwana, maiƙo ya bugi ƙarfen ya gangara, aka jingine su a karkace da digiri 45.

Wajen ɗaurawa an fasa bangon da aka yi ta gudun fasawa, aka rasa tayil huɗu. Bututun na ƙarfe ne mai santsin ciki, inci 6, tsawonsa mita 1.2 da gwiwa ɗaya, an karkatar da shi kaɗan zuwa waje, aka sa masa hula da marfin da iska ke buɗewa in an kunna ya rufe in an kashe, da raga mai manyan idanu saboda ƙadangaru da ɓeraye. Bulowar an rubuta mata kubik mita 700 a awa, an ɗauke ta da rara ne domin adadin da ke jikin kwali na fankar da ba a haɗa da komai ba ne. Tana da maki uku na gudu. Da yake bulon bangon mai rami ne, ba a dogara da kusoshin bango ba: an yi firam da ƙarfen angul, aka ratsa bangon da dogayen noti huɗu da faranti a bayansu. Mai aikin wuta ya haɗa jikin rumfar da wayar da ke sauke wuta zuwa ƙasa, ya sa fitilu biyu masu murfin gilashi. Gwajin turare a ranar ya nuna hayaƙin kawuna biyar ɗin duka yana shiga.

Disamba 2024: abin da hunturu ya sake tonawa

Wata biyu ana jin daɗinta da taga a buɗe. Da ƙura ta dawo aka rufe taga da ƙofa, sai ƙarar bulowa ta sauya, hayaƙi ya fara lallaɓowa ta leɓen gaba, ƙofar kicin ta yi nauyin buɗewa, wari kuma ya riƙa tasowa daga magudanar ƙasa da ruwanta ya ƙafe. Dalilin a fili yake: iskar da ake fitarwa dole wata ta maye gurbinta, hanyar shigar da ta rage kuwa ita ce tsagar ƙarƙashin ƙofa, santimita 80 da santimita ɗaya, ƙasa da rabin bakin bututun. Ba a banza ba ƙa'idar gina gidajen zama da ake bi a yawancin Amurka ta yi tanadin hanyar shigar iska ga rumfar da ta wuce kubik ƙafa 400 a minti, kimanin kubik mita 680 a awa.

Kafinta ya yanka taga mai santimita 40 da 25 a ƙasan ƙofar kicin ya sa mata lufa, wato jerin katakai a karkace da iska ke bi ta tsakaninsu. Iska ta riƙa shigowa daga falo, a ƙasa, nesa da harshen wuta, wanda hakan ya ƙara hana wari komawa can. An kuma cire tsohuwar fankar bango aka toshe raminta, domin in an kunna su tare suna jayayya ne a kan iska ɗaya, in an kashe ta kuma ƙura take shigowa ta nan.

Maris 2025: sakamako da hukunci

An sake fentin silin a watan Janairu, kuma har aka kammala azumin da aka fara ranar 1 ga Maris bai sauya launi ba. Gilashin taga ya daina naso, tarin lokacin soya attaruhu ya tsaya, ana zubar da kofin maiƙo sau ɗaya a mako, ana jiƙa matatun a ruwan zafi da garin sabulu duk mako biyu.

A ganin mai wannan nazari, ba rashin iya walda ba ne babban abin da ya kayar da rumfa ta farko, ko da yake ƙarfen da aka zaɓa da yadda aka haɗa shi ba su dace da wurin abinci ba. An ba mai waldar hoto, ya kuwa ƙera abin da hoton ya nuna. Fanka da bututu da hanyar shigar iska ba sa fitowa a hoto, kuma babu wanda ya ɗauki nauyinsu, kowane mai aiki ya yi nasa yanki ya tafi. Da an yi ta farkon da ƙarfe nau'in 304 aka bar mata fankar inci 4 da tazarar santimita 98, da ba ta yi tsatsa ba amma da hayaƙin yana nan. Ƙarfe mai tsada ya sayi tsafta da ƙarko ne. Abin da ya fitar da hayaƙi shi ne saukar da rumfar da faɗaɗa ta, gajeren bututu mai inci 6, bulowa, da ramin da kafinta ya yanka a ƙofa, wanda shi ne mafi arha a cikinsu. Gudun fasa tayil huɗu kuma shi ya jawo bututun mita 4.5 da duk abin da ya biyo bayansa.

Abu biyu ba su warware ba. A maki na uku ƙarar bulowar tana hana hira a kicin, saboda an ɗaura ta a cikin rumfar maimakon a bangon waje, don haka uwargidan tana amfani da maki na biyu sai in suya ta yi yawa. Idan aka ɗauke wuta kuma ana tsakiyar girki, rumfar ba ta fitar da komai sai ɗan abin da zafi ya tura da kansa, dole a koma buɗe taga. An ja mata waya zuwa inda za a ajiye inbata, na'urar da ke ba da wuta daga batir, amma har lokacin rubuta wannan nazari ba a sayo ta ba.